Zoben da Goggo Ta Ce Ba a Gama Ba

Daga nan Rusairis, a gaɓar kogin da mutanen Sudan ke kira Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, nake miƙa gaisuwa ga iyayenmu da ƙannenmu na kusa da na nesa. Maganarmu ta wannan fitowa a kan zinariya take: yadda ake ƙera ta, yadda muke kallonta, da nauyin da muke ɗora wa 'ya'yanmu saboda ita idan aure ya tashi. Wata 'yar muhawara da aka yi a gidanmu ce ta jawo maganar.

Ana shirin aurar da ƙanwata, 'yar baffana, sai mata suka taru a ɗakin Goggo, yayar mahaifina, domin lissafin abin da za a gaya wa dangin ango su kawo cikin shaila, wato abin da a ƙasar Hausa ake kira lefe. Ni an kira ni ne don in riƙe alƙalami. An ƙidaya tufafi da takalma da turare ba tare da wata gardama ba. Da aka zo kan zinariya sai muryoyi suka fara tashi, domin Goggo ta kafe a kan cikakken saiti: sarƙa mai rufe ƙirji, da 'yan kunne, da zobba, da awarwaro shida, kamar yadda aka yi wa 'yar maƙwabta. Shi kuwa angon malamin makaranta ne, kuma duk wanda ke Sudan ya san halin da albashin malami ya shiga tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023.

Amarya tana gefe, kanta a sunkuye kamar yadda kunya ta tanada. Can sai ta miƙo mini wayarta a hankali, ta ce, "Yaya, nuna wa Goggo wannan. Ni irinsa nake so, ko da guda ɗaya ne." Hoton wani zobe ne, sumul, babu zane, babu dutse, babu 'yan lilo. Abin da kawai ke jikinsa shi ne wani lotsawa a sama, kamar an danna babban yatsa a cikin curin tuwo. Goggo ta karɓa, ta nisanta wayar da idonta, ta juya ta sama da ƙasa, sannan ta dube ni ta ce, "Kai ɗan Malam, maƙerin nan rasuwa ya yi bai gama aikin ba?" Aka kwashe da dariya. Da dariya ta lafa sai ta yi tambayar da ta fi ta farko nauyi: "To giram nawa ne? In rana ta ɓaci, nawa za a saya?"

Na bar ɗakin da tambayoyin nan biyu a raina. Da na bi diddigin zoben da mai ƙirarsa, sai na fahimci cewa yarinyar tana da gaskiya, Goggo ma tana da gaskiya, sai dai ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Bari mu fara da ɓangaren yarinyar.

Irin wannan ƙira tana da suna a ƙasashen Turai. Masu karanta shafukan Faransanci za su gamu da ita da sunan minimalisme, mu kuwa za mu iya kiranta salon taƙaita ado. Manufar salon ita ce mai ƙira ya yi ta rage duk abin da za a iya ragewa, har sai siffar abin kaɗai ta saura, da hasken ƙarfen, da yadda yake zama a jikin mai sawa. Daga cikin waɗanda suka shigar da shi kasuwar kayan ado akwai wata mutumiyar Italiya, Elsa Peretti, wadda aka haifa a 1940 ta rasu a 2021. Ta fara aiki da kamfanin Tiffany na Amurka a 1974, a lokacin da ake ganin darajar abin ado tana ga yawan duwatsun da aka jera masa. Ita kuwa sai ta ɗauko ƙwayar wake ta mayar da ita abin wuya, ta ɗauko ɗigon hawaye, ta ƙera munduwa mai bin tudu da kwarin ƙashin wuyan hannu. Wata sananniyar ƙirarta, mai siffar zuciya da sarari a tsakiya, ta samo ta ne daga kallon ayyukan Henry Moore, masassaƙin Ingila wanda ya shahara da barin rami a tsakiyar abin da ya sassaƙa. Tana da rai aka shigar da ayyukanta gidajen adana kayan tarihi, kuma har bayan rasuwarta ba a daina ƙera waken nan ana sayarwa ba.

To amma zoben da ƙanwata ta nuna aikin wata 'yar Afirka ta Yamma ne, Emefa Cole. An haife ta a Gana, aka tafi da ita Landan tana yarinya, ta karanta ƙirar azurfa da kayan ado a jami'ar London Metropolitan, ta kammala a 2011. A 2020 gidan adana kayan fasaha na Victoria and Albert, wanda ke cikin manyan irinsa a duniya, ya sayi wani zobenta ya ajiye, kuma a 2022 gidan ya ɗauke ta aiki a matsayin mai kula da kayan adon da mutanen da suka yi ƙaura daga ƙasashensu na asali ke ƙerawa. Ayyukanta ba ƙanana ba ne, wasu zobban nata sukan cika yatsa. Abin da aka rage a cikinsu shi ne tarkace. Za ka ga dunƙule guda mai santsi, da rami ko tsaga a jikinsa, wani lokaci bayansa baƙi wuluk, cikin ramin kuma zinariya tana walƙiya.

Daga ina ta samo wannan ido? Abu na farko ƙasa ce. Ta sha faɗa cewa tana ƙarama a Gana takan ji labarin mutanen da ke tsintar zinariya bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwa ya wanke ƙasa ya tono abin da ke ɓoye. Wannan labari ya zauna mata, har ta girma tana sha'awar yadda ƙasa ke sauya kamanni. Sunayen da ta ba jerin ayyukanta suna nuna haka: akwai na dutse mai aman wuta, akwai na kwarin da ke saura a ƙoƙon dutsen bayan ya gama amai, akwai na zaizayar ƙasa. A wasunsu takan lulluɓe ƙarfe ɗaya da wani, da niyyar yau da gobe gogar hannu ta cinye na saman, na ƙasan ya bayyana. Ke nan zoben yana tsufa tare da mai shi, kuma abin da wani zai kira lalacewa ita ta sa shi cikin lissafinta tun farko.

Abu na biyu shi ne gida. Bayan ta yi karatu a Ingila, ta koma Kumasi ta durƙusa gaban maƙeran fadar Asantehene, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, domin ta koyi tsohuwar hanyar zubi da kakin zuma. Ga yadda ake yinta. Maƙeri yakan siffanta abin da yake so da kakin zuma, ya gyara shi sarai yadda yake son ya fito. Sai ya shafe shi da lallausan yumɓu da aka kwaɓa da garin gawayi, ya bari ya bushe, ya ƙara wani yumɓun mai kauri a kai. Idan aka gasa, kakin ya narke ya bar gurbinsa, sai narkakkiyar zinariya ta kwarara ta cike gurbin. Zinariya tsantsa ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 1,064. Bayan ta huce sai a fasa yumɓun a fito da abin, a goge. Tun da an fasa mazubin, ba za a ƙara samun wani daidai da shi ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wannan hanya, domin da ita maƙeran Abzinawa ke zuba abin wuyan nan na azurfa da aka sani da Croix d'Agadez.

Kumasi kuwa ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja da Salaga shekaru aru-aru, kuma zangon Kumasi cike yake da jikokinsu. Akwai ma wata alaƙa da ta girmi wannan. Mutanen Akan, waɗanda Asante ke cikinsu, sun daɗe suna ciniki da garin zinariya, suna auna shi da 'yan ma'aunai na tagulla da aka zuba ta hanyar kakin nan. Masana tarihi sun nuna cewa tsarin awon ya samo tushe daga miskalin da fataken Musulmi, Wangarawa, suka zo da shi daga arewa, kuma ma'aunai na farko-farko siffofi ne marasa tarkace: murabba'i, da dala, da da'ira, da 'yan layuka. Sai daga baya aka shiga yin masu siffar mutane da dabbobi. Ashe ƙira marar hayaniya ta daɗe a wannan nahiya tamu, tun kafin Turawa su raɗa mata suna.

Abu na uku da ya kamata a ambata game da ita shi ne damuwarta da asalin zinariyar da take aiki da ita. An san ta da neman zinariyar da za a iya bin sawunta har zuwa ramin da aka haƙo ta. Wanda ya ga yadda ake wanke zinariya da zaiba da hannu tsirara a wuraren haƙa na Sudan, ko ya tuna ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ba zai ɗauki wannan damuwa abin wasa ba.

Da na karanta labarin ruwan sama da ke tono zinariya, sai na yi murmushi, domin labarin ƙasarmu ne. Kudu da Rusairis, can wajen iyakar Habasha, a yankunan Fazugli da Gaisan da Kurmuk, an yi ɗaruruwan shekaru ana tace zinariya da akushi a cikin ƙoramu bayan damina. Zinariyar wannan yanki tana cikin abin da ya riƙe daular Funj ta Sinnar, wadda ta kafu a 1504. Tana kuma cikin abin da ya sa Muhammadu Ali Basha na Masar ya turo runduna a 1820 ƙarƙashin ɗansa Isma'il, Sinnar ta faɗi a 1821. Shi kansa Basha, yana dattijo mai kimanin shekara 70, ya yi tattaki har Fazugli tsakanin 1838 da 1839 don ya gani da idonsa, ya koma ba tare da ya sami tulin da ya yi tsammani ba. A zamaninmu kuma, tun da Kudancin Sudan ya ɓalle a 2011 ya tafi da mafi yawan man fetur, zinariya ta zama babbar hajar da Sudan ke fitarwa. Mafi yawanta masu haƙar gargajiya ke tono ta, mafi yawanta kuma Dubai take nufa. Daga can ne wani sashe nata ke dawo mana a matsayin saitin da inji ya buga, dubu iri ɗaya, mu saya mu sa a shaila.

Kakanninmu da suka zo wannan ƙasa ba da irin wannan saiti suka zo ba. Wasu sun biyo ayarin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sauka a gaɓar wannan kogi wajen 1906, inda garin Mai Wurno yake a yau kudu da Sinnar. Wasu sun zo daga baya a ƙafa, kan hanyarsu ta aikin hajji, noman auduga a Jazira da kamun kifi a kogi suka tsayar da su. Mai tafiyar shekaru ba ya ɗaukar abin da zai saƙale a ƙaya. A gidanmu akwai wata munduwar azurfa ta kakar mahaifina, wadda aka ce maƙerin fari ne ya zuba ta daga riyalan Mariya Tareza, waɗannan masu ɗauke da shekarar 1780. Lanƙwasa ɗaya ce, da ɗan dunƙule a kowane baki, shi ke nan. Da za a ɗauki hotonta a ajiye kusa da zoben Emefa Cole, mai kallo zai ce 'yan gida ɗaya ne. Haka ma 'yan kunnen matan Sudan da ake kira gamar boba, waɗanda duniya ta gani a kunnen Ala Salah a hoton nan nata na Afrilun 2019 a Hartum: asalin siffarsu wata ne, duk abin da aka ƙara a kai ƙari ne. Saboda haka da ƙanwata ta ce irin wannan take so, ba ta fita daga gida ba, ko da ita kanta ba ta sani ba.

Yanzu sai mu koma ga Goggo, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Goggo ba ta yi karatun boko ba, amma ta ga abin da ya isa ya koya wa mutum lissafi. Ta ga yaƙin da ya tashi a Damazin, tsallaken kogi, a watan Satumban 2011. Ta ga rikicin watan Yulin 2022 da ya taɓa Rusairis da ƙauyukanta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, aka rasa rayuka masu yawa, dubban iyalai, Hausawa da dama a cikinsu, suka bar gidajensu da abin da ke jikinsu kawai. Ta ga 'yan'uwa sun kwararo daga Hartum a 2023, sannan daga Wad Madani a Disambar wannan shekara, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024, lokacin da hanyar da ke haɗa mu da Sinnar ta yanke tsawon watanni. A irin waɗannan ranaku banki yana rufe, layin waya yana ɗaukewa, takardar kuɗi tana zubar da daraja tsakanin safe da yamma. Gona ba ta shiga mota, saniya ba ta shiga aljihu. Abin da ya fitar da iyalai da yawa shi ne abin da ke hannun uwar gida.

Ina da wata 'yar'uwa da ta baro Umdurman da 'ya'ya huɗu da awarwaro shida. Ta iso mana da guda ɗaya. Biyu sun tafi a kuɗin mota, ɗaya a magani, biyu a abinci da haya a garuruwan da suka yada zango. Da na yi mata jaje sai ta ce, "Yaya, ai don wannan rana aka saya." Wannan ita ce makarantar da Goggo ta yi, kuma babu wanda ya isa ya raina ta. A wurinta zinariyar amarya ita ce dukiyar da mace ta mallaka ita kaɗai, wadda miji ba shi da iko a kanta, wadda za ta iya ɗaurewa a bakin zane ta gudu da ita cikin dare.

A nan ne ya kamata mai karatu ya san yadda ake lissafin zinariya a kasuwa. Idan ka sayi abin ado, abu biyu kake biya: kuɗin zinariyar da ke ciki, da ladan ƙira, wanda a nan ake kira masna'iyya. Idan ka koma sayarwa, ma'auni kawai ake dubawa, ladan ƙira ya tafi ke nan, duwatsun da ke jiki ma cire nauyinsu ake yi. Zinariyar ma suna ta tara. Tsantsa ita ce karat 24. Karat 21, wadda matan Sudan suka fi so, kashi 875 cikin 1,000 nata ne zinariya, karat 18 kuwa, wadda masu ƙirar Turai suka fi aiki da ita, kashi 750 ne. Ke nan a giram 10 na karat 21 akwai zinariya giram 8.75, a giram 10 na karat 18 kuwa giram 7.5. Abin da aka yi wa ruwan zinariya a sama kuwa, a wajen mai saye ba ya cikin lissafi. Zoben shahararriyar mai ƙira, mafi yawan kuɗinsa na tunani ne da suna da aikin hannu, waɗanda mai shago a Damazin ba zai ɗora su a ma'auni ba. Ta wannan fuska Goggo ta fi mu gaskiya nesa ba kusa ba.

Sai dai lissafin nan nata yana da kaifi biyu. Saitin nan mai rufe ƙirji, mai 'yan lilo da duwatsun gilashi, shi ma ladan ƙirarsa ba kaɗan ba ne, kuma shi ma ranar sayarwa za a zubar da shi. Abin da ya fi riƙe darajarsa shi ne abin da ya fi ƙarancin aiki: awarwaro sumul, ko tsabar fam na zinariya da ake kira jinai, mai nauyin kimanin giram 8. Awarwaro yana da wata fa'ida kuma, ana sayar da shi ɗaya bayan ɗaya gwargwadon buƙata, alhali sarƙa babba sai dai a rabu da ita gaba ɗaya. Ashe idan ajiya ake nufi, marar tarkacen ne ya fi. Sannan ga tsada: a shekarar 2025 farashin oza ɗaya ya haura dalar Amurka 4,000 a karon farko a tarihi. Wanda ya ce sai malamin makaranta ya kawo cikakken saiti a irin wannan lokaci, ya zaɓa masa ɗayan uku: ya ci bashin da zai shiga gidan amarya tare da ita, ko ya ari saiti a mayar bayan biki, ko ya haƙura da auren.

Na kai maganar gaban Malam, mahaifina, bayan sallar isha'i. Ya saurara har na gama, sannan ya tuna mini abin da muka karanta tun muna zaure. A mazhabar Imamu Malik, kayan adon da mace ta mallaka don sawa babu zakka a kansu. To amma zinariyar da aka ajiye da niyyar tanadi don ɓacin rana, ba don sawa ba, malaman mazhabar sun ce hukuncinta hukuncin dukiya ne: idan ta kai nisabi, miskali 20, wato kimanin giram 85 na tsantsa, shekara ta zagayo, sai a fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Ya ce ka ga ke nan malamai sun riga mu rarrabe abin ado da abin ajiya, mu ne muka cakuɗa su, shi ya sa muke faɗa. Ya ƙara da cewa mafi ƙarancin sadaki a mazhabar rubu'in dinari ne, abin da bai wuce giram ɗaya da 'yan kai ba, kuma shari'a ba ta sa iyaka a sama ba, amma ta kwaɗaitar da sauƙaƙawa. Ya kuma ja kunnena a kan wani kuskure da ya yawaita: mace ta kai tsohuwar zinariya a ba ta sabuwa wadda nauyinta bai kai ba, ko a ce ta dawo gobe ta karɓa. Musanyar zinariya da zinariya sai nauyi ya yi daidai, kuma hannu da hannu. Hanya mai tsabta ita ce ta sayar da tsohuwar ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi sabuwar.

Da wannan rarrabewa aka kashe wutar gidanmu. An gaya wa dangin ango su kawo awarwaro biyu sumul na karat 21, wannan ajiyar amarya ce, za ta riƙa ƙarawa a hankali idan Allah ya hore. Sannan a ƙera mata zobe ɗaya da 'yan kunne marasa nauyi, yadda ranta yake so. Ni aka aika Damazin wurin wani dattijon maƙeri. Na gaya masa ba kwafin zoben hoton muke so ba, domin wannan tunanin mai shi ne, haƙƙinta ne. Sai na ajiye masa munduwar kakarmu, da wata tsakuwa da ruwan kogi ya goge, wadda amarya ta tsinto a ƙasan madatsar ruwan Rusairis. Ya jujjuya su ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗana, ka kawo mini aiki mai wuya. Zane yana ɓoye kuskuren maƙeri. Wannan kuwa, duk inda hannuna ya karkace sai an gani." Ya ce shekaru ke nan rabon da wani ya nemi ya ƙera wani abu daga tunaninsa, aikinsa ya koma gyaran maƙullin sarƙar Dubai da auna abin da mata suka kawo sayarwa.

Maganar dattijon nan ta fi komai tsaya mini a rai. Muna zaune a ƙasar da zinariyarta ta jawo rundunar Masar, muna da kogi da duwatsun Ingasana da siffar kwalekwale da ƙugiyar masunta a gaban idonmu, amma maƙeranmu sun zama masu gyara. 'Yar Gana ta je Landan ta yi digiri, ta ga bai ishe ta ba sai da ta koma ta zauna gaban tsofaffin garinsu. Matasanmu da ke neman sana'a, ga tsofaffin nan suna nan da ransu a kasuwannin Damazin da Sinnar, haka ma a Kano da Damagaram da Agadas, kuma ba za su dawwama ba. Iyaye mata kuma, ina roƙonku da girmamawa, idan za a yanke wa ango abin da zai kawo, a tambayi kai tukuna: wannan don ado ne ko don ajiya? In don ajiya ne, a sayi marar aiki, a karɓi takardar shaidar nauyi da karat, a adana. In don ado ne, a bar yarinya ta zaɓi abin da za ta iya sawa ranar Talata tana tuƙa tuwo, domin saitin da ke kwana a ƙasan akwati shekara guda bai ƙawata kowa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ranar da aka kawo zoben, Goggo ta ɗora shi a tafin hannunta ta jinjina nauyinsa, ta taɓe baki. Sannan ta zura shi a ɗan ƙaramin yatsanta, ta miƙa hannu wajen hasken ƙofa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Har yanzu dai ban ga an gama shi ba. Amma ya yi kama da na Inna." Ta cire ta miƙa wa amarya, ta ce ta kula da awarwaron.

Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuriya ta gari, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, ya kawo wa Sudan da sauran ƙasashenmu sauƙi. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.